Taliyar da na ci a wani lungu a Napoli

Toh jama'a yau labarin abinci ne, don tun da na dawo daga Italiya taliyar nan ta ƙi fita daga raina, mutanen gida har sun gaji da jin labarinta shi yasa nace bari na kawo muku nan.

Wani ɗan taro ne ya kai ni Napoli, kwana biyar, a jami'ar L'Orientale wadda aka kafa tun 1732, kuma wai a can har Hausa ake koyarwa, Turawa suna zaune suna fama da ɓ da ɗ. Kwana ukun farko wallahi burodi da ayaba da shayi kawai nake ci a ɗakin otel saboda tsoron naman alade. Rana ta huɗu wani ɗan Damagaram da yake karatu a garin ya shigo ya ga ɓawon ayaba cike da kwandon shara, ya dinga dariya yace haba Malam, ka zo garin abinci kana cin abincin masu jinya? Tashi muje.

Unguwar da ya kai ni sunanta Quartieri Spagnoli, tun ƙarni na 16 aka gina ta don sojojin Sifaniya. Lunguna ne matsattsu kamar na cikin birnin Kano, an shanya kaya a igiya daga wannan bene zuwa wancan, masu babur suna wucewa a guje ba ruwansu da ƙafarka, ga hoton Maradona a bango ko'ina ka juya. Mun isa wajen ƙarfe bakwai muka tarar ana jera kujeru ne ma, ashe su abincin dare sai takwas da rabi ko tara, sai da muka yi ta zagaye muka dawo.

Wajen ƙarami ne, irin wanda suke cewa trattoria, tebur bai fi takwas ba, an shimfiɗa musu takarda maimakon ƙyalle, talabijin a saman firiji ana ƙwallo, abincin ranar kuma an rubuta shi da alli a allo. Wani saurayi ne ke kai da kawowa, uwarsa na kicin. Yana jin daga Najeriya nake ya ajiye farantan hannunsa ya ɗaga hannu sama yace Osimhen! Har mutanen teburin kusa suka juyo. Ai dole, yaron nan ƙwallo 26 ya ci a gasar Serie A ta Italiya a kakar da Napoli ta ɗauki kofinta a 2023, bayan shekara 33 suna jira tun zamanin Maradona a 1990. Ni da ban damu da ƙwallo ba ranar na ci albarkacinta.

Sai aka zo maganar da ta hana ni cin abinci kwana uku. Abokina ya gaya wa saurayin bama cin alade bama shan giya, shi kuma ya fara nuna allo yana cewa wannan babu, wannan ma babu, wannan naman sa ne. Can sai ga tsohuwar ta fito tana goge hannu da tawul, ta yi masa wata tsawa da yarensu, ya yi shiru kamar ruwa ya cinye shi. Abokina ya fassara min, wai miyar naman da suke cewa ragù da kitsen alade ta fara soya ta, sugna suke kiransa, kuma ta zuba jar giya a ciki, taliya da dankalin nan ma da yake nunawa akwai 'yan gutsattsarin alade a ƙasan tukunyar. Duk ba za ka ga wannan a allo ba, kuma shi yaron ba ƙarya ya yi niyya ba, shi dai a tunaninsa alade shine yankan nama da ido ke gani. Don haka duk wanda zai je, kar ya tsaya a tambayar nama, ya tambayi da wane mai aka soya, kuma in da hali ya tambayi mai girkin da kanta. A babban waje mai ma'aikata ashirin ina zaka ga mai girki? Nan kuwa taku biyar ne tsakanina da murhunta.

Tace mu zauna zata dafa mana taliya da tumatir a sabuwar tukunya. Kafin nan aka kawo soyayyun ƙananan kifaye, alici, kamar yatsa, an barbaɗe su da fulawa an soya, da yankan lemon tsami a gefe. Na tambayi man, ta ɗauko robar ta nuna min hoton gyaɗa a jiki, nace Allah sarki, man gyaɗa har nan.

Taliyar da ta zo kuwa da farko raina ta nayi. Ba nama ba kifi ba ƙwai, ba magi ba kori, tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun da gishiri sai ganyen basilico guda uku a sama, ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu ne. Na kai loma ta farko na ji tsakiyarta da ɗan tauri, na raɗa wa abokina nace anya ta dahu? Yace haka ake cinta, al dente, wai sai haƙori ya ɗan yi aiki. Mu da muka taso da 'yar murji da manja da yaji, ko ta leda da ake kakkaryawa a dafa har tayi luguf, wannan sai ka ɗauka sauri aka yi. Amma a loma ta uku na daina surutu. Miyar bata kwanta a ƙasan faranti ba, ta kama kowane zare ta manne, saboda a cikin miyar ake ƙarasa dafa taliyar da ɗan ruwan da aka tafasa ta, kuma tumatirin yana da zaƙi ba tsamin nan da muke yaƙi da shi da kanwa ba. San Marzano ake ce masa, dogo ne, ana noma shi a ƙasar da ke kusa da Vesuvio, dutsen nan mai aman wuta da kake hangowa daga bakin teku. Abin dariya shi kansa tumatirin baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya shigo Turai a ƙarni na 16, amma yanzu ka taɓa musu shi ka ga faɗa.

Ni fa Bahaushe ne, akwai ƙullin yajin ƙuli a aljihuna. Ina fito da shi abokina ya take min ƙafa, amma tsohuwar ta riga ta gani. Ta karɓa ta shinshina, ta dangwala ta kai baki, ta ɗan yi tari, ta tambayi me ke ciki, muka ce gyaɗa da barkono da citta. Ta nuna kifin ta gyaɗa kai, ta nuna taliyar ta kaɗa yatsa. Haka nayi, kifi da yaji, taliya yadda Mama tace. Da na gama ta turo min kwandon burodi wai na suɗe farantin, ashe abin har suna gare shi, scarpetta, kuma ba abin kunya bane.

Ba komai ne ya min daɗi ba sha. Teburan a matse suke gwiwar hannuna tana taɓa ta wani dattijo, hayaniya kamar kasuwa, masu sigari a bakin ƙofa hayaƙi na shigowa, ruwan da aka fara kawo min mai gas ne na kusa ƙwarewa. Na nemi shayi da madara saurayin ya kalle ni kamar na nemi fura, ƙarshe kofi aka kawo baƙi ƙirin a wani ɗan mitsitsin kofi, kurɓa biyu ya ƙare, ban yi barci ba sai wajen biyun dare. Lissafi kuma ba mai kawo maka sai ka nema, mun zauna kusan minti arba'in ina jira. Da ya zo na ga an ƙara wani abu coperto, kuɗin zama da burodi ne kowane mutum, na so nayi magana abokina yace haka yake ko'ina. Duk da haka bai kai rabin abin da nake tsoro ba.

Washegari na ci pizza margherita wadda ake gasawa cikin minti ɗaya da rabi a murhun itace, sana'ar da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na al'adun gargajiya na duniya a 2017, tayi daɗi ba laifi amma ba ita nake tunawa ba.

Satin da ya wuce nace bari na gwada a gida, na sayo man zaitun da tsadarsa, na hana a karya taliyar, na tsaya a kanta da agogo. Uwargida ta ɗanɗana tace Malam wannan ai bata dahu ba, ta mayar da nata tukunya. Yaran kuma kafin na juyo sun zuba manja da yaji.