Yaron da ya gwammace a kira shi malalaci

A ƙarshen kowane zango, idan malamai suka zauna cike takardun sakamako, akwai jumlar da alƙalami ke rubutawa kusan da kansa: yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma wasa ya yi masa yawa. Malami da niyyar faɗa yake rubuta ta, uba ma a matsayin faɗa yake karanta ta. Abin da koyar da lissafi a babbar sakandare ya nuna mini, kuma karatun ilimin halayyar ɗan Adam da na yi lokacin neman diflomar koyarwa ya ƙara fito mini da shi fili, shi ne akwai yaran da wannan jumlar ce ladar da suke yi wa aiki tun farkon zango. Ranar da aka rubuta musu ita, buƙata ta biya.

A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Steven Berglas da Edward Jones, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun tara ɗaliban jami'a, suka ce musu ana binciken tasirin wasu magunguna ne a kan kaifin tunani. Aka raba tambayoyi. Wasu an ba su masu warwaruwa, wasu kuma yawancin nasu ba su da amsa sam, sai dai mutum ya yi canke. Da aka gama, aka shaida wa kowa cewa ya yi bajinta. Sannan aka ce akwai zagaye na biyu, amma kafin nan kowa ya zaɓi ɗaya daga magunguna biyu: ɗaya wai yana ƙara kaifin tunani, ɗayan wai yana dakushe shi. Waɗanda suka san da guminsu suka ci, akasarinsu mai ƙara kaifi suka ɗauka. Amma a cikin mazan da aka yaba wa alhali ba su san yadda aka yi suka ci ba, da yawa sai suka miƙa hannu ga mai dakushewa.

Lissafin da suka yi a zuci ba na wauta ba ne. An ce kai gwani ne, kai kuma ka san ba ka da tabbacin maimaitawa. Idan ka sha mai dakushewa ka faɗi, laifin magani ne. Idan kuwa ka ci duk da haka, sunanka ya ƙara tashi. Ko ta ina ba ka yi asarar sunan da aka ba ka ba. Wannan shi ne yi wa kai dabaibayi: mutum ya ɗaure ƙafarsa da hannunsa kafin a fara tsere, don kada a taɓa sanin iyakar gudunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a gwajin nan shi ne ba faɗuwa ce ta jawo halin ba. Yabo ne, yabon da mai shi bai san tushensa ba. Duk malamin aji ɗaya na babbar sakandare ya san irin yaron. Tun firamare shi ke ɗaukar na ɗaya, da hadda da saurin baki, a gida har an fara kiransa likita. Ya iso inda hadda ba ta isa, lissafi ya koma haruffa, sai ka ga ya daina kawo littafi, ya koma kujerar baya, ya zama mai ba aji dariya. Haka ma wanda aka rubuta wa amsa a allo ranar jarrabawar kammala sakandare: ya shiga jami'a da takarda mai kyau da tsoron ranar da za a gane.

Martin Covington na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley yana cikin waɗanda suka fi bin diddigin abin a cikin aji. Ra'ayinsa shi ne babban abin da ɗalibi ke karewa a makaranta ba maki ba ne, darajar kansa ce, kuma makaranta ta koya masa cewa darajarsa ita ce ƙwaƙwalwarsa. A wani bincike na 1979 shi da Carol Omelich suka nuna tarkon da ke ciki. Malamai sun fi sassauta wa wanda ya yi ƙoƙari ya faɗi, sun fi tsananta wa wanda bai yi ba. Ɗalibai kuwa sun fi jin kunya idan sun dage sannan suka faɗi, domin babu sauran abin da za a ɗora wa laifi sai kai. Wato abin da ke kare yaro daga fushin malami shi ke fallasa shi a gaban abokansa. Sai ya nemi tsakiya: ya yi ɗan abin da zai hana bulala, ya kuma tanadi uzuri. A ajinmu kuwa kowa ya san bambancin nauyin kalmomin nan biyu. Malalaci yana iya gyaruwa gobe idan ya ga dama. Daƙiƙi kuwa an gama da shi.

Dabaibayin iri biyu ne. Akwai na aiki: a kwana a gidan kallon ƙwallo daren gwaji, a kuma tabbatar duk aji ya ji labari da safe. Akwai na baki: "Malam, wallahi tun jiya kaina ke ciwo." Bincike ya sha nuna cewa maza sun fi mata yin na aikin, kuma shi ne mai tsada, domin mai uzurin baki wataƙila ya yi karatunsa a ɓoye, shi kuwa wancan da gaske bai buɗe littafi ba. A 2014 Malte Schwinger da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike masu yawa, suka tarar da abin da ake zato: inda halin ya yi yawa, maki yana ƙasa. Yaro ya tsira da mutuncinsa yau, gobe giɓin ya ƙaru, sai ya buƙaci uzurin da ya fi na jiya girma.

Maganin da ke fara zuwa zuciya shi ne a yi ta yabon yaron har ya yarda da kansa. An gwada, da kuɗin gwamnati ma. A 1986 jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman don bunƙasa ganin ƙimar kai, bisa fatan zai rage faɗuwa a makaranta da sauran matsalolin al'umma. A 2003 Roy Baumeister da abokansa suka tace binciken da aka tara, suka ce hujjar cewa ganin ƙimar kai na jawo maki mai kyau ba ta da ƙarfi. Ya fi kama da cewa makin ne ke ɗaga ƙimar. Wani gwaji da Donelson Forsyth ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2007, ya fi ban tsoro: ɗaliban jami'a masu raunin maki da aka riƙa aika wa saƙonnin kambama kai sun ƙara faɗuwa a jarrabawar ƙarshe. Tun a 1998 kuma Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna cewa 'yan aji biyar na firamare da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya fiye da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Sai dai ban ɗauki sauya kalmar yabo a matsayin laya ba. Babban gwajin da David Yeager ya jagoranta a kan ɗalibai fiye da 12,000, wanda aka wallafa a 2019, na koya wa yara cewa basira na ƙaruwa da ƙoƙari, ya sami ƙarin maki ne ɗan kaɗan, galibi a wurin masu rauni.

Ni dai abin da na ga yana aiki ba magana ba ce, rage 'yan kallo ne. Tim Urdan da Carol Midgley sun gano cewa halin ya fi yawa a azuzuwan da ake fifita gasa da kwatanta yara da juna. Saboda haka ba na kiran maki da ƙarfi, takarda a kife nake miƙa ta. Wanda ya faɗi gwaji yana da damar sake irinsa bayan mako guda, kuma na biyun nake rubutawa, don faɗuwar farko ta daina zama hukunci. Idan yaro ya tare ni da "Malam, ai ban karanta ba," ba na musu da shi, ba na kuma ce masa na san yana da ƙwaƙwalwa, tunda ita ce amsar da ya zo karɓa. Cewa nake ya same ni bayan an tashi, mu yi tambaya ta uku tare. A can, babu abokai, yawanci sai a tarar abin ƙarami ne: bai taɓa gane yadda ake haɗa gutsuren lamba masu mabambantan lambobin ƙasa ba tun aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ya yi shekaru yana ɓoye wannan da barkwanci.

Duk wannan bincike a kan ɗaliban Amurka da Turai aka yi akasarinsa, waɗanda ba su fito talla kafin su zo aji ba. A wurinmu uzuri da yawa gaskiya ne tsantsa. Yarinyar da ta yi wanke-wanke da ɗiban ruwa kafin ƙarfe bakwai, da yaron da ke gareji har dare, ba su yi wa kansu dabaibayi ba, rayuwa ce ta yi musu. Alamar da nake bi, ko da yake ba kullum take faɗa daidai ba, ita ce mai matsalar gaske yakan ɓoye ta saboda kunya, sai ka tona; mai ƙirƙirarta kuwa shelarta yake yi, kafin gwaji, a inda za a ji.

Akwai kuma waɗanda suka wuce nan, waɗanda Covington ya kira masu rungumar faɗuwa. Su ba sa kawo uzuri ko kaɗan. Ka miƙa musu sifili su ninke su sa a aljihu. Sun fi mai surutun wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, domin shi har yanzu yana da abin da yake karewa, ana iya kama shi ta nan.

Gurbin matsayi a takardar sakamako yana nan, makaranta na so, kuma tambayar farko da uba ke yi ita ce na nawa ya zo. Wannan ba a hannuna yake ba, ina cikewa. Gurbin ra'ayin malami ne nawa, kuma a ciki ba na ambaton ƙwaƙwalwa ko wasa. Ina rubuta babin da yaron ya iya, da wanda ya rage masa, da shafin da zai fara da shi a hutu.