Injin ya ragu, aikin ya ƙaru

Sana'ata gyaran manyan motocin alfarma ce masu shan man dizal, irin su Range Rover da Mercedes GLE da BMW X5. Gareji ne ƙarami, ni da yarana 'yan kaɗan. Amma in ka ɗaga bonet ɗin motocin da ake kawo mana yanzu, za ka ga ba irin injin da muka koyi aiki a kansa ba ne.

A da girman inji shi ne abin taƙama. Range Rover tana da injin dizal mai silinda takwas, lita 4.4. A 2020 kamfanin ya ajiye shi, ya kawo mai silinda shida a jere, lita 3, haɗe da ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 48. A shekarar ce kuma BMW ta daina ƙera X5 M50d mai tarbo huɗu, wato na'urorin da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi. Mercedes ta ma fi zurfafawa, domin GLE 350de da ta fitar a 2019 silinda huɗu ne kacal, da babban batir da ake jonawa a wuta.

Ba haka kawai suka yi ba. Dokar Euro 6 ta Turai ta rage NOx, wata iska mai cutarwa da ke cikin hayaƙi, da aka yarda motar dizal ta fitar daga miligiram 180 zuwa 80 a kowace kilomita. Sai ga badaƙalar Volkswagen a Satumban 2015, aka gano kamfanin ya saka wa motocinsa manhajar da ke yi wa gwajin hayaƙi maguɗi. Daga 2017 aka fara auna hayaƙi a kan titi, mota tana tafiya.

Masu mota kan tambaye ni ko batirin bolt 48 ɗin nan shi ke tafiya da motar. A'a. Batirin yana haɗe ne da wata na'ura guda da ke aikin sitata da na altaneta, wato tayar da inji da cajin batir. In an taka birki ta tara wuta, in an taka totur ta ɗan tura injin kafin tarbo ya kama. Shi ya sa ƙaramin injin yake tashi da ƙarfi daga tsaye, bai kuma cika shan mai ba. Gaskiya ina jin daɗin aiki a kansa.

Inda muke shan wahala shi ne bututun hayaƙi. Akwai filtar da ke kama baƙin toka, kuma sai ta yi zafi sosai a doguwar tafiya take ƙone abin da ta tara. Mai zirga-zirga cikin gari kawai, daga gida zuwa ofis, filtarsa toshewa take yi. Akwai kuma ruwan AdBlue da ake fesawa cikin hayaƙin don rage NOx. In tankinsa ya ƙare ƙaf, ka kashe mota, ba za ta sake tashi ba, kuma da gangan aka tsara hakan. Baƙin mai ma sai wanda aka ƙayyade, mai ƙarancin toka. Man dizal mai yawan sulfa kuwa guba ne ga irin motar nan.

Wasu kan roƙe ni in cire filtar, in rufe wa kwamfutar motar baki. Ba na yi. Hayaƙin nan huhun mutane yake shiga, da na yaran da ke tsaye bayan motar a garejina. Abin da nake yi shi ne, kafin mutum ya sayi irin motar nan, in tambaye shi ina da ina yake zuwa a mako. In gajerun tafiye-tafiye ne, nakan ce masa ya nemi ta fetur.