Wasiƙa daga Landan: yadda muka yi zaɓen Birtaniya na 4 ga Yulin 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ya damina, ya iyali? Allah ya sa kowa yana lafiya.

Tun ranar Juma'ar da aka bayyana sakamako saƙonninku ke ta shigowa, kowa na cewa ya ji a rediyo jam'iyyar Labour ta cinye Landan. Haka ne. A cikin kujeru 75 da birnin ke da su a majalisar dokokin Birtaniya mai kujeru 650, Labour ta samu 59. Jam'iyyar Conservative, wadda ta shekara 14 tana mulki, ta tsira da 9 kacal, alhali a 2019 tana da 21. Liberal Democrats sun ɗauki 6, duk a kudu maso yammacin gari, sannan ɗan takara ɗaya mai zaman kansa ya ci. To amma gani ya kori ji, kuma abin da na gani a unguwarmu bai yi kama da guguwar da ake ba ku labari ba.

A Ilford nake zaune, gabashin birni, ina aikin kula da tsofaffi. Wasunku za su yi mamaki a ce ina jefa ƙuri'a a nan ba tare da fasfo ɗin Birtaniya ba. Doka ta ba ɗan ƙasashe renon Ingila, irin su Najeriya da Ghana, damar yin zaɓe muddin yana da izinin zama kuma ya yi rajista. Ranar Alhamis ɗin, da na tashi daga aikin dare, na zarce makarantar firamare da ke bayan layinmu. Mata biyu na zaune a tebur. Wannan ne babban zaɓen ƙasa na farko da aka wajabta nuna shaida mai hoto, don haka na miƙa koren fasfona. Ɗaya ta kalli hoton, ta kalli fuskata, ta ɗora rula ta ja layi a kan sunana. Na shiga lungu, na ɗauki fensirin da aka ɗaure da zare, na yi alama, na naɗe takardar na jefa a akwati. Ko minti biyar ban yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga ni sai wani dattijo mai dogara sanda a duk zauren. A faɗin ƙasar ma kusan mutum huɗu cikin goma da ke da rajista ba su fito ba.

A nan ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Kowace mazaɓa wakilinta take zaɓa, kuma wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce. Shi ya sa Labour ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un ƙasa. A Landan kuwa kujerunta sun ƙaru, amma kasonta na ƙuri'a ya sauka daga wajen kashi 48 cikin ɗari a 2019 zuwa wajen 43. Shi kansa Keir Starmer, wanda ya jagoranci Labour a zaɓen, a mazaɓarsa ta Holborn da St Pancras, ƙuri'unsa sun ragu daga dubu 36 da ɗoriya zuwa ƙasa da dubu 19, a daren da ya zama firaminista.

Ruwa ba ya tsami banza. A unguwanni irin namu maganar Gaza ce a bakin mutane, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, a shagon aski, har a layin jiran bas. Mutanen da iyayensu da kakanninsu suka yi ta zaɓen Labour sun ji an yi musu kunnen uwar shegu lokacin da suke kiran a tsagaita wuta. A mazaɓarmu ta Ilford ta Arewa, wata matashiya 'yar asalin Falasɗinu, Leanne Mohamad, ta tsaya a ƙashin kanta ta ja da Wes Streeting, ɗaya daga cikin jiga-jigan Labour. Ba ta da jam'iyya, sai samari da 'yan mata da ke bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Ita na zaɓa, ba zan ɓoye muku ba. Na kwana gaban talabijin har asuba, sai aka ce Streeting ya sha da tazarar ƙuri'a 528, mutumin da a 2019 ya ba da ratar fiye da 5,000. A ranar aka naɗa shi ministan lafiya. Ta leƙo ta koma, kuma har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. A Bethnal Green da Stepney ma, inda 'yan asalin Bangaladesh suka yi yawa, da ƙyar da jiɓin goshi Rushanara Ali ta Labour ta riƙe kujerarta. Shi kuwa Jeremy Corbyn, tsohon shugaban Labour da jam'iyyar ta hana tsayawa da sunanta, ya tsaya shi kaɗai a Islington ta Arewa, mazaɓar da yake wakilta tun 1983, ya kayar da ɗan takararta da fiye da ƙuri'a 7,000.

Conservative kam ta ji jiki. Ba ta da ko kujera ɗaya yanzu a tsakiyar birni. Mazaɓar da ta ƙunshi ginin majalisa da fadar Buckingham da gidan firaminista ba ta taɓa faɗawa hannun Labour ba sai a wannan zaɓe na 2024. Chelsea, unguwar masu hannu da shuni, ta koma hannun Labour da tazarar ƙuri'a 152. Uxbridge, tsohuwar kujerar tsohon firaminista Boris Johnson, ita ma ta suɓuce. Abin da ya rage musu yana can gefen gari ne, su Romford da Orpington da Harrow ta Gabas, inda masu gidajen kansu suka fi yawa. Mu da ke cikin gari haya ce ke cinye albashi. Na san ma'aikatan jinya da ke ba da kusan rabin abin da suke samu a kan ɗaki ɗaya, kuma irin waɗannan ba su da dalilin sake zaɓen gwamnatin da suka sha tsadar rayuwa a hannunta.

Akwai kujera ɗaya da nake so ku duba da kyau, Chingford da Woodford Green, maƙwabtanmu. Ana saura 'yan makonni zaɓe Labour ta janye 'yar takararta, Faiza Shaheen, ta kawo wata. Shaheen ta ƙi haƙura, ta tsaya ita kaɗai. Ƙuri'u suka rabu kusan daidai, kowace ta samu dubu 12 da ɗoriya, shi kuma Iain Duncan Smith na Conservative ya wuce ta tsakiyarsu da dubu 17. Da ba a raba gida ba, da ya tafi.

Abin da ya fi damuna namu ne. Muna da yawa a birnin nan, daga Peckham har Barking, kuma da yawanmu doka ta ba mu ƙuri'a, amma sai ka ji mutum ya ce zaɓen Turawa ne, ina ruwansa. Alhali waɗannan 'yan majalisa su ke yanke kuɗin biza, su ke sa dokar kawo iyali, su ke riƙe da asibitin da muke yi wa aiki. Akwai wani yayana a nan, ba ciki ɗaya ba amma tun gida muke tare, yana zaune a Hendon. Ranar zaɓe na kira shi da rana na ce, Yaya, ka je kuwa? Ya ce yana kan aiki, in ya tashi zai leƙa, ai sai ƙarfe goma na dare ake rufewa. Bai je ba, matarsa ma ba ta je ba. Da gari ya waye aka sanar da sakamakon Hendon bayan an sake ƙirgawa: Labour ta ƙwace kujerar da tazarar ƙuri'a 15. Da na kira shi na faɗa masa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni yadda ake neman izinin jefa ƙuri'a ta gidan waya.

Ku gaida mini kowa da kowa, manya da yara. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan uwanku a Ilford, Landan
Yuli 2024