Warin Baki Mai Naci: Daga Ina Yake Fitowa?

Mutane da yawa suna ɗora laifin warin baki a kan ciki, musamman gyambon ciki, alhali a kusan mutum 8 zuwa 9 cikin 10 masu fama da shi, matsalar tana cikin bakin ne. Ƙwayoyin cuta suna taruwa a can ƙarshen harshe, inda wani farin datti yake kwanciya, suna ruɓar da guntayen abinci har su fitar da iska mai ɗoyi irin ta ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda yake goge haƙora da buroshi ko asuwaki safe da dare amma ya bar harshensa, a ganina rabin aikin kawai ya yi.

Bushewar baki ma tana ƙara shi, domin yawu ne yake wanke baki, shi ya sa warin yake tsananta bayan barci da lokacin azumi. Taba da goro kuwa ba sa taimakawa. Alewa da kanumfari suna rufe warin ne na ɗan lokaci kawai.

Idan dasashi yana zubar da jini ko haƙori ya rube, sai an ga likitan haƙori, wanda zai kankare dattin da ya daskare. In kuma baki lafiya lau ne amma warin bai tafi ba, ya kamata a duba hanci da maƙogwaro, a kuma auna ciwon suga da lafiyar ƙoda.