Sumak iri uku a hanyar Shikago zuwa Dearborn

Da hantsi muka bar Shikago a watan Oktoba, ni da yayana wanda ya daɗe da zama a jihar Mishigan, muka hau babbar hanya mai lamba 94. Tun kafin mu yi nisa cikin Indiyana na lura da wasu gajerun itatuwa da suka cika gefen titi, ganyensu ya yi ja wur, kowane reshe da curin jajayen 'ya'ya a tsaye kamar zangarniyar dawa. Na ce, "Yaya, wa ya shuka waɗannan haka?" Ya yi dariya ya ce babu wanda ya shuka su, sumak ne, shi ke shuka kansa.

Muka ratse zuwa gandun Indiana Dunes da ke bakin tafkin Mishigan, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa gandun ƙasa a 2019. Akwai wata fadama a ciki mai suna Cowles Bog, sunan Henry Cowles, masanin tsirrai na Jami'ar Shikago da ya yi bincike a yankin tun wajen 1899. Kafin mu shiga sai da Yaya ya sa na cusa ƙafar wandona cikin safa, ya kuma ja mini kunne kada in kauce wa hanyar ƙafa. Ashe akwai sumak mai dafi, amma ba jan da ke bakin titi ba ne. Mai dafin a cikin dausayi yake zama, inda ruwa ke kwanciya. Da ya nuna mini shi daga nesa, sai na ga ko kusa bai kai wancan ɗaukar ido ba: 'ya'yansa farare-farare ne, suna reto ƙasa, gefen ganyensa sumul babu haƙora, ƙananan ganye bakwai zuwa 13 a jere kan jan kara.

Dafin wani mai ne da ake kira urushiyol, yana cikin ganye da ɓawo da saiwa. Mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa nan take. Sai an kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, fata ta fara ƙaiƙayi, ta kumbura, ta yi bororo masu ruwa, kuma abin kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya lafa. Yaya ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani layin duhu daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Shi ko taɓa itacen bai yi ba, safar hannun abokin aikinsa ya ara. Man kan daɗe a jikin tufafi da kayan aiki da gashin kare. Wanda ya taɓa, gara ya yi maza ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Ƙona itacen kuwa ganganci ne, don hayaƙin na ɗaukar man ya kai shi huhu. Duk wanda ruwan ɓawon ƙwallon kashu ya taɓa toya wa leɓe ya san irin abin, domin kashu da mangwaro da sumak dangi ɗaya ne.

Sauran hanyar gonakin masara ne da garuruwa, Kalamazoo, Ann Arbor, na yi ta gyangyaɗi. Bayan la'asar muka iso Dearborn, garin da Larabawa suka yi yawa, muka ci gasasshen nama da albasa wadda aka barbaɗa wa wani jan gari mai tsami. Shi ma sumak ne, amma na Gabas ta Tsakiya, wanda ake ci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayan gidan Yaya na gan shi. Maƙwabcinsa ya dasa jan sumak guda ɗaya don ado, ga shi yanzu saiwarsa ta bi ƙarƙashin shinge ta ɓullo cikin lambun tumatir, har a tsakanin duwatsun daɓe. Ta saiwa yake yaɗuwa, in ka sare uwar sai 'ya'yan su ƙara toho da ƙarfi. A ganina wannan ya fi mai dafin zama fitina, don wancan sai ka je inda yake, wannan kuwa har gida yake iske ka. A Amurka ana yi masa uzuri tunda ɗan ƙasa ne, tsuntsaye kuma na cin 'ya'yansa da hunturu. A Turai, inda aka kai shi don ƙawata lambuna, ya fantsama har Suwizalan ta hana sayar da shi da dasa shi.

Da safe Yaya ya miƙo mini shebur ya ce, "To ƙanena, baƙunta ta ƙare." Muka bi saiwa ɗaya muna tonowa, doguwa, mai kaurin babban yatsa, har ta kai mu gindin shinge ta shige gidan maƙwabci. Nan muka datse ta, Yaya ya ce da bazara za ta dawo, sai dai su zauna da mutumin su yi magana.