Asabar, ranar cefanen mako

Ruwan asuba ya sauka yau kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ke sa mutum ya idar da salla ya koma ya ja mayafi. Na so in koma, ban koma ba. Na san halin Asabar. Idan na bari ta wuce ban yi abin da na saba ba, ranar Talata zan gane kurena, lokacin da zan shigo gida da la'asar sakaliya, jaka cike da littattafan ɗalibai da ban duba ba, ƙafa ta kumbura, Auta ya tare ni a zaure da "Umma, me za a dafa?" Wannan tambayar ita ke cinye kuɗi a gidan nan, domin wadda ta gaji ba ta lissafi. Sai dai a aika yaro shago ya ɗebo taliyar leda da ƙwai, a ci, ƙarfe tara na dare wani ya ce bai ƙoshi ba.

Mu bakwai ne. Ni, da Abban 'yan biyu da ke aikin asibiti, wani mako da rana wani mako da dare, da Inna mahaifiyarsa, da yara huɗu. A da kullum ake cefane, ɗauri-ɗauri, na ɗari biyu nan na ɗari uku can, ba wanda ya taɓa zama ya haɗa. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa kaɗai ya isa ya sa mace ta yi tunani. Daga nan na koma zuwa sau ɗaya a mako, da takarda a hannu.

Kafin takarda sai na leƙa sito. Shinkafa tana nan wajen rabin buhu, wadda ƙanin maigida ya aiko daga fadamar Argungu bayan girbin rani. 'Yar gida ce, sai an rege ta sau biyu saboda tsakuwa, amma tana da auki, kuma tuwonta ya fi na 'yar kamfani danƙo. Wata ƙawata da ke aure a Legas har gobe tana min tsiya wai mu 'yan Kebbi kyauta muke cin shinkafa, tun da ta ga an zo Birnin Kebbi an ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamban 2015, ta kuma sayi Lake Rice, shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2016. Na ce mata ta zo ta tambayi farashin tiya a kasuwarmu. Wanda ba shi da ɗan'uwa a fadama saye yake kamar kowa.

Dawa akwai. Wake ya kusa ƙarewa, kuma da na tsoma hannu na ga 'yan ƙwari sun fara huda shi, sai na ce wa babbar 'yata ta shanya shi da zarar rana ta buɗe. Albasar Aliero da na saya a Afrilu lokacin da take banza, na baza a ƙasan ɗaki, wasu sun fara tsiro, su za a fara ci. Sai tulin robobin Inna: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da kauɗar tumatir da tattasai da ta sa muka yanka a watan Maris, ranar da na yi ta gunaguni a zuci don zafin da ake yi ya isa ya dafa ƙwai a kan kwano.

Ina tsugune ina rubutu Inna ta fito da carbinta.

"Uwar 'yan biyu, mi kika rubutawa haka tun da sahe?"

"Abincin mako ne, Inna."

Ta yi 'yar dariya. "Mu da munka tashi, rumbu shi ne takardarmu. Ki leƙa ki ga inda hatsi ya tsaya, ki san wata nawa ya rage a yi girbi."

Ban ce komai ba, don gaskiya ta faɗa. Bambancin kawai ita da shekara take lissafi, ni da kwana bakwai, kuma ita ba ta taɓa dawowa gida ƙarfe huɗu tana neman abin da zai nuna kafin magariba ba.

Naira 25,000 maigida ya ajiye min a kan firji kafin ya fita. Duk sanda na ɗauki kuɗin nan sai na tuna akwai gidajen da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000, shi ne na wata guda cur, har da haya da makaranta. Sai in yi hamdala in daina ƙorafi, na ɗan lokaci dai.

Babbar kasuwa yau caɓi ne tun daga bakin ƙofa. Na tattare zane na kutsa. A takardata na rubuta shinkafa da miyar dage-dage ranar Lahadi, don 'yan biyu sun dame ni. Da mai tumatir ya faɗi kuɗin kashi ɗaya, 'ya'ya shida ko bakwai, biyu ma sun fara ruwa, sai na ciro biro a gabansa na soke layin. Ya ce, "Malama, ba laifina ba ne, damina ce." Na sani. Tumatirinmu na rani ne, na lambu. Da ruwa ya sauka ya ƙare, sai wanda aka ɗauko daga nesa. Abin da na koya da daɗewa ke nan: takardar gida shawara ce, kasuwa ke yanke hukunci. Shi ya sa yanzu ba na rubuta sunan miya da ƙarfi, nakan rubuta "ganye" ko "kifi", in bar sauran sai na gani da ido.

Kuma abin da damina ta hana ta nan, ta bayar ta can. Matan ƙauye sun jeru da zogale ɗanye sharaf, da rama, da yakuwa, da alayyafo, ɗauri manya-manya. Kuɗin kashin tumatir ɗin nan ya cika min buhun leda da ganye har ina dannawa. Na ƙara da wake tiya ɗaya, waken suya rabin tiya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, attarugu, man ja kwalba ɗaya, da tsakin masara. Nama rabin kilo kacal, na ce wa mahaucin ya haɗa min da ƙashi, don romon nake so fiye da tsokar.

Wajen kifi na fi daɗewa. Dattijon da nake saye wurinsa daga Yawuri ake kawo masa, busasshiyar tarwaɗa an lanƙwasa ta an soke wutsiya a baki, ta yi baƙi da hayaƙi. Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa a gefen tire. Idan gari ya zubo, ƙwari sun riga ki. Na ɓalle ta biyu na duba cikin, na kai hanci. Hayaƙi kawai ya kamata a ji. In kika ji wani wari kamar na maganin sauro, ajiye ki wuce, don akwai masu fesa wa kifi da wake magani saboda ƙwari, kuma ba wankin da zai sa hankalina ya kwanta da shi.

"Hajiya, kullum sai kin yi wa kifina binciken kwastan."

"Baba, bakin yara ne zai ci."

"To ɗauki. Wanga ko giwan ruwan Matan Fada bai fi shi daɗi ba."

Na ce kada Abban 'yan biyu ya ji shi, don mutumin Argungu ba ya yarda akwai kifin da ya kai na koginsu Matan Fada, ko da bai taɓa shiga ruwa da homa ba. Muka yi ciniki, ya yi min gyara da ƙanana guda uku. Su ne za su shiga fate.

Na dawo da naira 2,300 a jaka, na ware ta don niƙa da gawayi.

Daga azahar zuwa la'asar tsakar gida ya zama wurin aiki. Na jiƙa kauɗar Inna a ruwan ɗumi har ta saki, aka kai markaɗe tare da albasa da attarugu. Na zuba a babbar tukunya a kan kurfoti, na bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya ƙone ƙurmus, sannan na soya shi da man ja sai da mai ya taso sama ya rufe shi. Wannan shi ne jarin mako. Cokali uku a fate, ludayi ɗaya a kan garau-garau, ba sai na sake tsayawa jajjage ranar aiki ba. Dole ne ruwan ya ƙone sosai, don firjinmu ba abin dogaro ba ne. Watan jiya na yi miya tukunya guda da naman kusan rabin kuɗin cefane, aka ɗauke wuta kwana biyu, na buɗe na tarar tana kumfa. Sai da na zauna a bakin rijiya na yi hawaye, ba kunya. Tun daga ranar tsarin ya canza: abin da ke lalacewa shi ake fara ci, busasshe ya jira ƙarshen mako.

Saboda haka yau da dare tuwon shinkafa ne da miyar zogale da gyaɗa, da naman nan. Gobe Lahadi, tunda ina gida, dambun tsaki da sauran zogalen, don dambu ba ya son gaggawa, turare biyu yake so. Litinin fate da yakuwa da rama da ƙananan kifin, tukunya ɗaya, kafin a kira magariba an sauke, kuma ya dace da Inna da ke azumin Litinin da Alhamis, tana son abu mai ruwa-ruwa. Ramar da ta rage babbar ta dafa ta matse, gobe a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Talata garau-garau. A kan waken nan mun sha musu da Inna. Ita kanwa take zubawa ya nuna da wuri, ni kuma jiƙa shi nake tun da safe kafin in fita, in dawo in tarar ya kumbura, ya nuna da rabin gawayin, bai kuma yi wannan jan da kanwa ke sa shi ba. Wake da hatsi idan sun haɗu a kwano ɗaya suna cike wa juna gibin abin da ke gina jiki, shi ya sa ba na jin na cuci yara ranar da babu nama. Abbansu ya ƙara min da cewa a daina ba su shayi a kan abincin wake, don shayi na rage ƙarfen da jini ke ɗauka daga abinci, gara a yanka musu lemo ko a matsa na tsami a kai.

Laraba tuwon dawa miyar kuka da tarwaɗa, a tuƙa da yawa don a samu ɗumamen safe. Alhamis ɗanwake, maigida yana aikin dare, ba mai cewa sai tuwo. Awarar da zan yi gobe in soya ita za ta raka shi, in ta kai. Juma'a na bar ta fili.

Babbar ta leƙo takardar ta ce, "Umma, kin manta Juma'a." Ban manta ba. Ba a taɓa yin makon da bai zo da nasa ba: ko baƙi daga Jega, ko maƙwabciya ta aiko da kwanon suna, ko wani abu ya yi saura da zai lalace in ba a ci ba. Ranar da na cike duk layukan bakwai, a ranar ake zubar da abinci. In kuwa ba abin da ya faru, kuɓewar Inna tana nan. Babbar dai ta so a rubuta taliya da manja da yaji. Na ce mu ga yadda jarrabawarta ta Laraba za ta kasance.

Saura batun gishiri, wanda shi ne yaƙin gidan nan. Inna na da hawan jini, tana shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan har da wanda ke ɓoye cikin dunƙule, wanda yawancinsa gishirin ne. Da ina jefa biyar a tukunyar miya, yanzu biyu, sai in cika da daddawa da albasa da kan kifi da na daka. Yara ba su ma lura ba, maigida ya yi mako biyu yana ɓata fuska sannan harshensa ya saba. Inna ce dai ta raɗa wa girkina suna "miyar asibiti".

Bayan isha aka shimfiɗa tabarma a baranda don ƙasa da danshi. Miyar ta yi kyau, gyaɗar ta kama ta, zogalen bai dafe ya yi baƙi ba. 'Yan biyu suna faɗa a kan ƙashi. Na juya zan miƙa wa Auta ruwa, sai na hango Inna ta juya baya kaɗan, tana kwance bakin zanenta. Ɗan ƙulli ne a leda, bai fi kan yatsa ba. Ta ɗebo da yatsu biyu ta barbaɗa a gefen kwanonta, ta ɗaure ta mayar, duk a cikin ƙiftawar ido. Ashe shi ya sa kwana biyun nan ba ta ƙorafi.

Muka haɗa ido. Ta ci gaba da cin tuwonta kamar ba ita ba.

"Inna."

"Na'am, ɗiyata."

"Wa ya sayo miki?"

Auta ya ɗaga hannu, baki duk miya, ya ce shi ne, kuma Inna ta ba shi canjin ya sayi alewa.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba. Na ce zan gaya wa ɗanta in ya dawo da safe. Ta ce in gaya masa, ita ta haife shi. Can kuma da na zo kwashe kwanuka ta riƙo hannuna, ta tambaya me na rubuta ranar Laraba. Na ce tuwon dawa miyar kuka.

"To wagga ki bar min ita, ni ka kaɗa ta."

Na ce na yarda, amma ƙullin zai kwana a ɗakina. Har yanzu da nake rubutun nan ba ta kawo shi ba.