Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Matan da Suke Zuwa a Makare

A makon jiya na tsaya a inda aka yi mini canjin wurin aiki daga birnin Damagaram zuwa wata likita ta karkara a yankin Magariya, inda ni kaɗai ce ungozomar gwamnati, wadda kowa yake kira Madam, tare da majo guda, wato babban ma'aikacin jinya, da wata dattijuwa mai taya ni aiki a ɗakin haihuwa. Abin da zan ba da labarinsa yau shi ne ɓangaren aikina da ba a cika faɗarsa a bainar jama'a ba, wato matan da suke zuwa mana da jini bayan ciki ya zube ko an zubar da shi, da kuma yadda tsoron doka da tsoron bakin mutane suke hana su zuwa sai abu ya ƙazanta.

Tun muna makarantar koyon aikin lafiya aka karantar da mu abin da kundin hukunta laifuffuka na Nijar ya tanada daga sashe na 295. Duk wanda ya zubar wa mace da ciki, ko da yardarta ko babu, hukuncinsa ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ne tare da tara, ita kuma macen da ta zubar da kanta ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ma'aikacin lafiya kuwa ana iya hana shi aiki bayan ɗaurin. Mun haddace wannan, kuma ya zauna mana a rai. Abin da ba a gaya mana ba shi ne cewa doka tana iya rufe ƙofar asibiti, amma ba ta kai ga ɗakin tsohuwa mai jiƙe-jiƙe ba, ba ta kai ga mai tallar ƙwayoyi a ranar kasuwa ba, ba ta kuma shiga zuciyar yarinyar da ta ga wata biyu sun wuce ba ta ga al'adarta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 45 cikin 100 na cikin da ake zubarwa a duniya ana zubar da shi ne ta hanya mai haɗari, a Afirka kuma kusan uku cikin huɗu ne, kuma ta nuna cewa tsananta doka ba ya rage yawan zubarwar, illa dai ya mayar da ita ɓoye. Ni ban san waɗannan alƙaluma ba a wancan lokaci, amma ina ganin ma'anarsu a kan gadon ɗakin haihuwa.

Wani dare cikin hunturu aka kawo wata yarinya a kan amalanke, an lulluɓe ta da bargo, goggonta tana riƙe da fitila. Shekarunta ba za su wuce goma sha biyar ba. Da na tambayi abin da yake damunta, sai goggon ta yi sauri ta ce: "Zazzaɓi ne kawai, Madam, a yi mata allura mu koma." Amma tun kafin in ɗaga bargon warin ya riga ya gaya mini gaskiya, domin duk wadda ta yi aikin ungozoma ta san warin abin da ya ruɓe a cikin mahaifa. Jikinta ya yi zafi ƙwarai, cikinta ya ƙame ba ya taɓuwa, fatar idonta da tafin hannunta sun yi fari fat, zanen da ta ƙunsa kuma ya jiƙe da baƙin jini. Na fitar da goggon waje, na rufe ƙofa, na durƙusa daidai kunnenta na ce: "Ƴata, ni uwa ce, ba jandarma ba ce, kuma abin da kika faɗa mini a ɗakin nan ba zai fita ba. Kwana nawa ke nan?" Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki kafin ta ce mako guda. Daga baya, a hankali, ta gaya mini cewa talla take yi, wani magidanci ya ce ta shigo da farantin zaure ya saya, ya rufe ƙofa. Da ciki ya bayyana, goggonta ta kai ta wurin wata tsohuwa wadda ta ba ta abin sha, da bai yi ba kuma ta cusa mata wani abu.

Ina so masu karatu su fahimci abin da wannan mako guda yake nufi a wurin ma'aikacin lafiya. Idan ciki ya zube bai fita duka ba, mace kuma ta zo a ranar farko ko ta biyu, aikin ba mai wuya ba ne: a yi mata wankin ciki da sirinjin hannu, wanda ba ya wuce ƴan mintoci, a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini, ta kwana ta koma gida da ƙafarta. Idan aka bari kwanaki suka ja, abin da ya rage a ciki yakan ruɓe, ƙwayoyin cuta su bi jini, hawan jininta ya faɗi, ƙoda ta daina aiki har fitsari ya ɗauke. Idan kuma an yi amfani da tsinke ko ƙarfe, yakan huda mahaifa har ya taɓa hanji, wani lokaci kuma ya jawo sandarewar wuya da muƙamuƙi. Waɗanda suka tsira ma, da yawansu hanyoyin ƙwansu sukan toshe, su rasa haihuwa har abada. Tsakanin waccan mai komawa gida da wannan mai kwanciya rai a hannun Allah, babu abin da ya raba su sai kwanakin da aka ɓata ana ɓoyo.

Na ɗaura wa yarinyar ruwa, na yi mata alluran da muke da su, majo ya tashi neman motar da za ta kai ta birni, dangi kuma suka watse neman kuɗin mai. A birni aka yi mata aiki, aka tarar mahaifar ta huje ta ruɓe, babu yadda za a yi sai cire ta. Ta rayu, kuma kowa ya ce an gode Allah.

Sai dai raunin da ya fi daɗewa ba na wuƙar likita ba ne. Watanni bayan haka na je ƙauyensu aikin rigakafi, na tambaye ta, aka nuna mini wani ɗaki a bayan gida. Na same ta zaune a kan tabarma ta rame, ba ta magana, ba ta cin abinci sai an matsa mata, da dare kuma, in ji mahaifiyarta, takan farka da ihu. An ce iskoki ne, an yi mata hayaƙi, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Ban raina addu'a ba, ni ma na yi mata, amma na san abin da nake gani: yarinya ce da aka yi wa fyaɗe, aka hana ta faɗa, aka kusa kashe ta wajen rufa asiri, sannan aka bar ta ita kaɗai da abin a cikinta. Da na riƙe hannunta sai ta ce: "Inna, ni ce na kashe shi, ko?" Wannan tambaya ita ce take cinta. Mutumin da ya rufe ƙofar zaure kuwa yana nan yana zuwa kasuwa, ana gaishe shi da girmamawa, domin babu wanda zai kai ƙararsa, tun da kai ƙarar yana nufin fallasa zubar da cikin, wato jefa yarinyar da goggonta a hannun hukuma. Ta haka dokar da aka yi domin kare rai ta zama garkuwa ga azzalumi.

Akwai kuma waɗanda tsoro yake kai su wata hanyar. Sukan ɗaure ciki da zane har wata tara, su haihu su kaɗai a bayi ko a gona, cikin ruɗewa da firgici su yar da jaririn, daga nan sai gidan kaso. Har matan aure da suka yi ɓari na Allah da Annabi na gani suna ɓoye jini, saboda mijin yana ci-rani, suna gudun kada dangin miji su ce da gangan suka yi ko su fara lissafin watanni.

Ni Musulma ce, kuma ban taɓa ɗaukar ciki abin wasa ba. Na san malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun fi sauran tsanantawa a wannan babi, har galibinsu suna hana taɓa ciki tun farkon shigarsa. Amma na kuma san cewa malamai sun yi bayanin lalura, cewa idan ya tabbata cikin zai halaka uwa, to ranta ake gabatarwa. Dokar ƙasa ma ta zo ta faɗi makamancin haka. Doka mai lamba 2006-16 ta ranar 21 ga Yuni 2006, wadda ta shafi lafiyar haihuwa, ta halatta a katse ciki da amincewar likitoci idan ci gabansa zai jefa rai ko lafiyar mace cikin haɗari, ko kuma idan an gano ɗan tayin yana ɗauke da wata cuta mai tsanani. Matsalar ita ce mutane kaɗan ne suka san da wannan doka, har a cikinmu ma'aikata, alhali kowa ya san akwai ɗauri.

Na ga sakamakon wannan rashin sani a kan wata baiwar Allah mai ƴaƴa shida, wadda ta kamu da ciwon zuciyar nan da yake kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa. Ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai dai ta yi barci a zaune, kuma an riga an gargaɗe ta cewa wani cikin zai iya zama ajalinta. Ba ta yi shekara ba ta sake samun ciki, mijin kuma ya tafi Libiya. Na rubuta mata takarda zuwa birni da bayanin komai. Can aka ce sai an ga wane, wane ya ce sai mijinta ya sa hannu, wan mijin da ya raka ta ya ce: "Ni ba zan sa hannu a kashe ɗan ƙanena ba, Allah ne mai rayawa." Kowa ya ji tsoron ya zama shi ne ya yanke magana, aka yi ta kai da kawo har cikin ya girma. Ta dawo wurina awo tana haki, ta ce: "Madam, ni ba mutuwar nake tsoro ba, wa zai riƙe mini yaran nan?" Ta rasu a wata na bakwai, ita da abin da yake cikinta. Addini bai hana a cece ta ba, doka ma ba ta hana ba, amma tsoron da ya dabaibaye maganar ya hana.

Game da cikin da aka samu ta hanyar fyaɗe kuwa, dokarmu ta yi shiru. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ta tanadi a sashe na 14 cewa a ba da damar katse ciki a asibiti idan ya samu ta hanyar fyaɗe ko ta hanyar muharrami, amma Nijar, ko da yake ta sa hannu, ba ta tabbatar da ita ba, domin majalisar dokoki ta ƙi amincewa da ita a 2006. Maƙwabciyarmu Benin ta bi wata hanya dabam a 2021, inda ta faɗaɗa dokarta har zuwa mako 12 na ciki bisa wasu dalilai. Ba ina cewa mu kwafi abin da wata ƙasa ta yi ba ne, kowace al'umma da tsarinta. Abin da nake cewa shi ne ya kamata malamanmu da likitocinmu da ƴan majalisa su zauna su dubi halin yarinyar da aka yi wa fin ƙarfi, su ba ta amsa a fili, domin shirun da ake yi ba ya hana komai, yana dai miƙa ta ga tsohuwa mai tsinke. A ƙasar da kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma ƙananan yara mata suke yawo da farantin talla gida-gida, wannan magana ba ta wasu baƙi ba ce, ta ƴaƴanmu ce.

Abin da yake hannuna shi na yi. Kula da macen da ta zo da jini ba laifi ba ne a doka, ko ma mene ne sanadinsa, kuma riƙe sirrin marar lafiya wajibi ne a kan kowane ma'aikaci. Na tara ungozomomin gargajiya na ƙauyukan da suke ƙarƙashinmu na ce musu duk macen da ta ga jini a kawo ta a ranar, ba zan tambayi wanda ya yi cikin ba, ba kuma zan tambayi wanda ya taɓa shi ba. A ranakun awo nakan maimaita wa mata haka, in kuma tuna musu cewa maganin tazarar haihuwa kyauta ne tun 2006. Sannu a hankali aka fara kawo su da wuri, wasu da asuba kafin gari ya waye don kada a gan su, ni kuma nakan buɗe musu ƙofar baya. Sai dai na lura cewa duk abin da muka tattauna da mata, idan suka koma gida maganar miji ce take aiki. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda Makarantar Mazaje, wato zaman wayar da kan magidanta game da lafiyar matansu, wadda aka fara a nan jihar Damagaram, ta iso ƙauyenmu, da zaman farko da na yi da magidanta a ƙofar gidan maigari.